Sharhi a kan Mujallar Information and Computation: Faɗin Fagenta da Tasirinta ga Ilmin Harshe

1. Gabatarwa

Mujallar da za mu yi sharhi a kanta a nan ta masana lissafi ce da masu nazarin tushen kwamfuta, watau masu binciken abin da na'ura za ta iya lissafawa, da abin da ba za ta taɓa iyawa ba, da yawan lokacin da kowane aiki zai ci mata. Sunanta na yanzu Information and Computation, ma'ana "bayani da lissafi". Daga kafa ta a shekara ta 1957 zuwa ƙarshen 1986 kuwa ana kiran ta Information and Control, ma'ana "bayani da sarrafawa". Kamfanin Academic Press na Amurka ne ya fara buga ta, yau kuma tana hannun kamfanin Elsevier.

Mai karatu na iya cewa: me ya haɗa kifi da kaska? Abin da ya haɗa su shi ne, wasu ra'ayoyin da masu nazarin harshe suka daɗe suna dogara a kansu, har suka shiga littattafan jami'a, cikin shafukan wannan mujalla aka fara kafa musu hujja. Sau da yawa ra'ayoyin kan iso gare mu daga baki na uku ko na huɗu, sun riga sun zubar da sharuɗɗan da masu su suka gindaya. Sabo da haka ya kamata a koma ga tushe. Hukuncinmu a taƙaice shi ne: darajar mujallar ta samo asali daga faɗin ƙofarta a shekarunta na farko, tasirinta kuma ya yi jinkirin bayyana har ma'aunin da ake auna mujallu da shi a yau ba ya iya ganinsa.

2. Asalin mujallar da fagenta na farko

A shekara ta 1948 Claude Shannon ya nuna yadda za a auna yawan bayanin da saƙo ke ɗauke da shi, a shekarar kuma Norbert Wiener ya fitar da littafinsa a kan sarrafawa da sadarwa cikin na'ura da cikin halitta. Daga waɗannan ayyuka biyu sunan mujallar na farko ya fito. A lokacin injiniyoyin waya da masana lissafi da masana tunanin ɗan Adam da masana harshe suna ganin tambaya ɗaya ce ke gabansu duka, watau yadda ake ƙulla saƙo, a aika shi, a warware shi. Taron da aka yi a cibiyar MIT ta Amurka cikin watan Satumba na 1956 ya tara su wuri guda, kuma a can ne Noam Chomsky ya gabatar da hanyoyi uku na siffanta harshe. Shekara ɗaya bayan haka mujallar ta fito. Peter Elias na MIT yana cikin editoci uku da suka kafa ta.

Abin da ta buga cikin shekaru goma na farko ya isa shaida. A 1958 Chomsky da George Miller, masanin tunanin ɗan Adam, sun yi rubutu a kan harsunan da mafi sauƙin na'ura ke iya ganewa. A 1959 Chomsky ya jera nau'o'in nahawu hawa huɗu. A 1960 Bose da Ray-Chaudhuri suka kawo dabarar da ke sa saƙo ya gyara kurensa da kansa idan ya gurɓace a hanya. A 1961 Bafaranshen nan Marcel-Paul Schützenberger ya siffanta na'urori masu ba kowane jerin baƙaƙe awo. A 1964 Ray Solomonoff ya kafa ƙa'idar hasashen abin da zai zo bisa abin da aka riga aka gani. A 1965, cikin juzu'i ɗaya, aka buga maƙalar Lotfi Zadeh a kan rukunai marasa kaifin iyaka da ta Donald Knuth a kan feɗe jimla daga hagu zuwa dama. A 1966 Per Martin-Löf ya fayyace abin da ake nufi da jerin lambobi maras tsari. A 1967 Mark Gold ya yi tambaya ko ana iya koyon harshe daga jin misalai kaɗai.

Kusan kowace daga cikin waɗannan maƙalu ta zama uwar wani fanni. Babu kuma wani sashen jami'a guda na wancan zamani da zai ce dukansu nasa ne. Editocin sun karɓi aiki ne bisa sharaɗin ya zo da hujjar lissafi, ba su tsaya tambayar marubuci daga wane gida ya fito ba.

3. Hawan nahawu da abin da ya ce game da Hausa

A idon masanin lissafi, "harshe" tarin jerin alamomi ne kawai, "nahawu" kuma ƙidayayyun dokoki ne masu haifar da duk jerin da ke cikin tarin, su bar waɗanda ba sa ciki. Chomsky ya raba nahawu gwargwadon irin dokar da aka yarje masa. A hawan ƙasa akwai nahawun da ya yi daidai da na'ura mai ƙidayayyun matsayi, wadda ke karanta kalma bayan kalma, ba ta iya riƙe abin da ya wuce sai ɗan abin da aka ƙayyade mata. Sama da shi akwai nahawu maras duba maƙwabta, mai dokoki irin su "jimla ita ce yankin suna da yankin aikatau", waɗanda ke aiki ko ina ba tare da lura da abin da ke gefe ba. Sa'an nan nahawu mai duba maƙwabta. A ƙoli kuma akwai nahawu maras shinge, wanda ƙarfinsa ya kai na na'urar da Alan Turing ya siffanta a 1936.

Misali daga Hausa zai nuna inda bambancin yake. A duba wannan jimla: "Yaron da matar da sarki ya kira ta haifa ya zo." Sunaye uku sun shigo a jere, sa'an nan aikatau uku suka biyo su a juye: sarki ya kira, mata ta haifa, yaro ya zo. Jimlolin sun shiga cikin juna kamar ƙwarya cikin ƙwarya, kuma dole "ya" da "ta" su dace da sunan da kowannensu ke komawa gare shi. In har wannan shiga ba ta da iyaka, na'urar hawan ƙasa ba za ta iya bin sawunta ba, sai an hau hawa na biyu.

Sukarmu tana kan wannan "in har". Babu Bahaushen da ke jera irin wannan shiga sau biyar cikin magana. Hujjar ta shafi nahawun da aka ɗauka yana cikin kan mai magana, wanda aka cire masa gajiya da mantuwa. Wanda ya yarda da wannan ɗauka, hujjar ta kama shi. Wanda bai yarda ba, lissafi bai tilasta shi ba. Masu kwafar sakamakon zuwa littattafan koyarwa sukan bar wannan sharaɗi a baya.

Abin lura kuma shi ne, maƙalar ta fi yin amfani ga kwamfuta a kan harshen mutane. An gane cewa tsarin da aka bi wajen siffanta harshen umurtar na'ura mai suna ALGOL 60 daidai yake da nahawu maras duba maƙwabta. Maƙalar Knuth ta 1965 ta nuna yadda za a feɗe wani babban sashe na irin waɗannan harsuna cikin wucewa ɗaya ba tare da komawa baya ba, kuma a kan wannan dabara aka gina kayan aikin fassara umurnin mai tsara manhaja zuwa abin da na'ura ke ganewa tun daga shekarun 1970.

Tambayar ko harsunan mutane sun tsaya a hawa na biyu kuwa, an daɗe ana ja-in-ja a kanta, kuma a nan ne ninki ya shigo. Ragaggen ninki irin na buga da bubbuga, ko tambaya da tattambaya, gaɓa ɗaya yake kwafowa, gaɓoɓin Hausa kuma ƙidayayyu ne, don haka bai fi ƙarfin na'urar hawan ƙasa ba. Cikakken ninki irin na gida-gida da iri-iri da tsalle-tsalle kuwa kalma sukutum yake maimaitawa. Lissafi ya tabbatar da cewa maimaita jeri mai kowane irin tsawo ya fi ƙarfin nahawu maras duba maƙwabta. A 1985 Christopher Culy ya kawo hujja daga Bambaranci na ƙasar Mali, inda ake cewa wulu o wulu, watau "kowane kare", kuma sunan da ake maimaitawa yana iya zama harɗaɗɗe mai ƙaruwar tsawo. A shekarar ne Stuart Shieber ya kawo wata hujja daga Jamusancin Suwizalan. Dukansu biyu a mujallar Linguistics and Philosophy aka buga su. Watau mujallar da ta haifi tambayar ba ita ta ɗauki amsar ba. Ga mai nazarin Hausa, aikin da wannan ya nuna a fili yake: ya bincika iyakar tsawon abin da cikakken ninki ke iya kamawa, da halinsa a kan harɗaɗɗun kalmomi, a karin harshen Damagaram da na Tawa da na Kano.

4. Gold da batun koyon harshe

Wannan ita ce maƙalar da aka fi jingina wa abin da ba ta faɗa ba. Gold ya siffanta mai koyo da ake miƙo wa jimloli ɗaya bayan ɗaya, bayan kowace kuma ya faɗi nahawun da yake zato. An ce ya koya idan ya kai wani lokaci da zatonsa ya zama daidai, bai kuma sake canza shi ba. Hanyoyin ba shi misalai biyu ne. A ta farko jimloli masu kyau kaɗai yake ji. A ta biyu ana nuna masa masu kyau da marasa kyau, ana gaya masa wace ce wace. Gold ya tabbatar da cewa ta hanya ta biyu ana iya koyon hawa uku na ƙasa duka. Ta hanya ta farko kuwa, duk rukunin da ya ƙunshi dukan harsuna masu ƙidayayyun jimloli da ko harshe ɗaya maras iyaka, ba ya koyuwa. Dalili shi ne, idan mai koyo ya zaci nahawun da ya fi na gaskiya faɗi, babu misalin da zai zo ya nuna masa ya wuce gona da iri.

Da aka haɗa wannan da binciken Roger Brown da Camille Hanlon na 1970, wanda ya nuna iyaye ba su cika gyara wa yara ginin jimla ba, sai wasu suka ce lissafi ya tabbatar da cewa da nahawu ake haihuwar yaro. Maƙalar ba ta kai nan ba. Mai koyon Gold ba ya ganin abin da ake magana a kai, ba ya lura da abin da ya fi yawan faɗuwa, ana buƙatar ya dace ɗari bisa ɗari, kuma ana iya jero masa misalai ta mafi munin tsari. Yaro a tsakar gida ba haka yake ba. Abin da hujjar ta nuna shi ne, dole dai a sami wani abu da ke taƙaita zato. Ko wannan abu na haihuwa ne, ko daga yanayin da ake magana yake, tambaya ce ta bincike a kan yara na gaske.

A nan mujallar ta cancanci yabo, domin ita ce ta buga gyaran. A 1980 Dana Angluin ta fayyace sharaɗin da rukunin harsuna zai cika ya koyu daga misalai masu kyau kaɗai, ta nuna akwai rukunai masu amfani da suka cika shi. A 1987 kuma ta nuna cewa harsunan hawan ƙasa suna koyuwa cikin lokaci madaidaici idan akwai malami mai amsa tambaya iri biyu: "wannan jeri yana cikin harshen?" da "nahawun da na zata daidai ne? in ba daidai ba ne, kawo misali."

Kada mai tsara aikin yaƙi da jahilci ya ɗauki waɗannan sakamako a matsayin dabarar koyar da manya, domin babban mutum da ke zaune a aji ya riga ya iya harshensa, rubutu ya zo koyo. Darasin na mai bincike ne. Rashin ganin wata siga cikin tarin rubutu yana iya nufin kure ce, yana kuma iya nufin ba a dai ci karo da ita ba tukuna. Harshen da rubutunsa bai kai na Faransanci ko Larabci yawa ba, wannan shakka ta fi yi masa yawa. Tarin rubutu, kome girmansa, ba ya maye gurbin zama da mai harshe a tambaye shi: "Ana faɗin haka?"

5. Canjin suna da ƙuntatar fage

A 1987, zamanin da Albert Meyer na MIT ke shugabancin editoci, kalmar "lissafi" ta maye gurbin "sarrafawa". Daga nan fagen ya tsaya a kan ma'anar harsunan umurtar na'ura, da manɗiƙi, da tabbatar da ingancin manhaja, da auna wuyar matsalolin lissafi, da ƙa'idojin koyon na'ura. Ingancin bai ragu ba. Maƙalar Thierry Coquand da Gérard Huet ta 1988 ita ce tushen manhajar Coq, wadda da ita Georges Gonthier ya tabbatar a 2005 da hujjar cewa launi huɗu sun isa a shafa kowace taswira ba tare da maƙwabta biyu sun yi launi ɗaya ba. Aikin Eugenio Moggi na 1991 ya shiga ginin harshen Haskell. A 1992 Robin Milner da abokansa biyu suka buga lissafin ayyuka masu sadarwa da juna.

Abin da aka rasa shi ne baƙi. Masanin harshe da masanin tunani sun daina leƙowa. Ba za a ɗora wa editoci laifin duka ba, domin kowane fanni ya riga ya gina gidansa: mujallar nazarin harshe da kwamfuta ta Amurka ta fito a 1974, Maurice Nivat ya kafa Theoretical Computer Science a 1975, Linguistics and Philosophy ta fito a 1977, Fuzzy Sets and Systems a 1978. Amma rabuwar ta yi tsada. Masana lissafi sun ci gaba da nazarin "harsuna" ba tare da gwada su da maganar kowa ba, masana harshe kuma suka riƙe sakamakon 1959 da na 1967 ba tare da bin gyare-gyaren da suka biyo baya ba.

6. Yadda ake auna tasiri

Ma'aunin da ya fi shahara, wanda Eugene Garfield ya ƙirƙiro, ake kuma fitarwa shekara-shekara tun 1975, yana ƙirga sau nawa aka ambaci maƙalun da mujalla ta buga cikin shekaru biyu da suka gabata, a raba da yawan maƙalun. Ta fuska uku wannan awo yake tauye irin wannan mujalla.

Ta farko ita ce jinkiri. Zadeh ya ce akwai rukunai, kamar na dogayen mutane, da abu ke shiga cikinsu da daraja tsakanin sifiri da ɗaya. Mai Hausa da ke cewa fari-fari ko ja-ja ya san irin wannan rukuni. An yi shekaru ana yi wa ra'ayin kallon hadarin kaji a Amurka. George Lakoff ya kawo shi cikin ilmin ma'ana a 1973, kuma sai a 1987 jirgin ƙasa na birnin Sendai a Japan ya fara tafiya da shi. Yau maƙalar tana cikin waɗanda aka fi ambato a kimiyya baki ɗaya. Dabarar Bose da Ray-Chaudhuri tana aiki cikin ma'ajiyar bayanai ta wayoyin hannu da cikin talabijin na tauraron ɗan Adam, abubuwan da babu su a 1960. Tambayar Gold ta sake tashi da zuwan manyan manhajojin da ke koyon harshe daga tarin rubutu: a 2024 Jon Kleinberg da Sendhil Mullainathan suka nuna cewa idan abin da ake nema shi ne fitar da sababbin jimloli masu kyau, maimakon gano nahawun kansa, to hanya a buɗe take. Tsakanin tambayar da wannan amsa shekaru 57 ne.

Ta biyu ita ce al'adar fannin. Masana tushen kwamfuta a taro suke fara fitar da sakamako, kamar STOC da aka fara a 1969 da ICALP da aka fara a 1972. Shahararriyar maƙalar Stephen Cook ta 1971 a littafin taro ta fito. Kafin cikakkiyar hujja ta iso mujalla, ambato ya riga ya tafi ga takardar taro.

Ta uku ita ce, abin da kowa ya karɓa ba a ƙara ambaton mai shi. Ɗalibi kan koyi hawan nahawu huɗu ba tare da ya ji sunan mujallar ba. Mu ma mun san wannan: taron Bamako na 1966 a kan daidaita baƙaƙen harsunan Afirka ta Yamma yana da hannu cikin littattafan koyon karatu da suka biyo bayansa, amma ba mai rubuta sunansa a gindin shafi. Sanarwar San Francisco ta 2012 ta nemi a daina auna mai bincike da lambar mujallar da ya yi rubutu a ciki. Ya dace kwamitocin ƙarin girma na jami'o'i, irin na CAMES da aka kafa a Yamai a 1968, su riƙa tuna wannan a duk lokacin da ƙamus ko nahawu ya zo gabansu.

7. Wa ke iya karanta ta?

Da Ingilishi ake buga mujallar, kuma sababbin lambobinta na masu biyan kuɗi ne. Rikicin farashi tsoho ne a wannan fanni. A 2003 editocin Journal of Algorithms suka ajiye aiki gaba ɗaya bayan wasiƙar da Knuth ya rubuta musu a kan tsadarta. A 2005 aka fara Logical Methods in Computer Science, wadda ba a biya don karantawa ko don bugawa. A 2012 dubban masana suka sa hannu a kan ƙaurace wa Elsevier. Kamfanin ya buɗe tsofaffin lambobin wasu mujallunsa na lissafi, ciki har da wannan, sabo da haka maƙalun Chomsky da Gold da Zadeh ana karanta su kyauta a intanet. Mai bincike a Maraɗi ko Yamai ya sami tarihin fannin ke nan, amma muhawarar da ake ciki yau tana bayan shinge.

8. Kammalawa

Abubuwa uku muke ganin mujallunmu za su ɗauka daga wannan tarihi. Na ɗaya, a tsananta a kan hujja, a sassauta a kan fanni: in malamin lissafi ko mai tsara manhaja ya zo da aiki a kan ninki ko karin sauti, a ba shi shafi. Na biyu, duk ra'ayin da aka aro a kawo shi tare da sharuɗɗansa, a kuma gwada shi da Hausar da ake yi. Na uku, a auna aiki da abin da ya haifar bayan shekaru ashirin ko talatin. Ƙamus ɗin Bargery na 1934 har yanzu yana kan teburin masu bincike, kuma babu ma'aunin shekaru biyu da zai iya hango haka a lokacin da ya fito.